Babi na Bakwai: Mutanen da Aka Ba Majalisa, Me Kuma Suke Nema?

Duk wanda ya ga hotunan da suka fito daga birnin Oslo a ƙarshen watan Fabrairun 2023 zai iya yin wannan tambaya. Samari da 'yan mata sun toshe ƙofar ma'aikatar man fetur da makamashi ta ƙasar Norwe, sanye da rigunansu na gargajiya masu shuɗi da ja, wasu sun juya rigunan bai-bai don nuna fushi, 'yan sanda kuma suna ciccibarsu ɗaya bayan ɗaya. Norwe ce fa, ƙasar da ke raba kyautar Nobel ta zaman lafiya, wadda ake kira ta shiga tsakani idan rikici ya ƙi ƙarewa a wasu ƙasashe. Matasan nan kuwa Samawa ne, al'ummar da ke da tutarta da ranarta ta ƙasa da kwalejinta, ana karanta labarai da harshenta a talabijin, tana kuma da zaɓaɓɓiyar majalisa a ƙasashe har uku. To, me ya rage?

Ƙasa ce ta rage. An ba Samawa wurin magana, ba a ba su ikon hanawa ba. Amma kafin wannan amsa ta zauna, sai mun bi ta kan dabbar da rigimar take kanta.

Su wane ne Samawa?

Su ne mutanen da suka riga iyakoki zuwa can ƙuryar arewacin Turai. Ƙasarsu, wadda suke kira Sápmi, ta ratsa Norwe da Suwidin da Finlan, ta shiga yankin Kola na Rasha. Ana kiyasta yawansu tsakanin 80,000 da 100,000, kusan rabi ko fiye a Norwe, Rasha kuma ba ta wuce 2,000 ba. Harsunansu tara ne da suka rage, ba duka ke jin juna ba, kuma danginsu harshen Finlan ne, ba na Norwe ko Suwidin ba. Akwai masunta a cikinsu, akwai manoma, a yau kuma akwai malamai da likitoci da direbobi a Oslo da Stockholm. Masu kiwo ba su wuce ɗaya cikin goma ba. A riƙe wannan adadi, za mu dawo kansa.

Barewar da ke riƙe da ƙasa

Abin da suke kiwo barewar ƙanƙara ce, wadda su ke kira boazu. Mace da namiji duk suna da ƙaho. Ba a ɗaure ta a turke, ba a kai mata harawa. Ita ke gaba, makiyayi na biye. A lardin Finnmark na Norwe, garke yana yin hunturu a tudun cikin ƙasa, wajen Kautokeino da Karasjok, inda sanyi ke da tsanani amma dusar ƙanƙara busasshiya ce mai laushi. A ƙarƙashinta akwai wata farar gansakuka da barewa ke jin ƙamshinta, ta tona da kofato ta ci. Idan rana ta dawo, sai masu ciki su ja garke zuwa bakin teku da tsibirai, tafiyar da kan kai ɗaruruwan kilomita, su haihu a watan Mayu. A Yuni da Yuli a tara garke a yi wa 'ya'ya shaida a kunne da wuƙa, kowane mutum da tsagarsa. Da kaka a ware na yanka, a juya gida.

Wanda ya san rayuwar Fulani makiyaya ba zai ji wannan baƙo ba. Ba a tambayar Basami yawan bareyinsa, yadda ba a tambayar Bafulatani shanunsa nawa, kuma abin da ke kashe kiwo a wuraren biyu ɗaya ne: a toshe burtali. Filin da babu garke a kansa a watan Yuni, mai zuwa da taswira zai gan shi fayau ya ce ba na kowa ba ne, alhali abincin watan Janairu ne. Gansakukar nan 'yan milimita kaɗan take tsiro a shekara, don haka dole a bar wuri ya huta, a kuma ajiye wani na ko-ta-kwana.

Wurin ko-ta-kwanan nan ya ƙara daraja yanzu da yanayi ya rikice. Sai a yi ruwan sama a tsakiyar hunturu, sanyi ya dawo ya daskarar da shi, ƙanƙara mai tauri ta rufe abinci, barewa tana tsaye a kansa tana mutuwa da yunwa. Haka ya faru a Finnmark a hunturun 2020, har sai da aka riƙa kai wa garkuna abincin buhu. Makiyayin yau yana hawa babur ɗin ƙanƙara, yana saka wa wasu dabbobin na'urar da ke nuna inda suke a waya, amma duk wannan kuɗi ne, ba ya kuma maye gurbin fili.

A Norwe ana kiwon bareyi sama da 200,000 a kan kusan kashi 40 cikin 100 na faɗin ƙasar. Sai dai makiyayan ba su mallaki filin ba. Haƙƙin amfani suke da shi, wanda ya samo asali daga daɗewa. Ma'ana, muddin barewa na takawa a wuri, Samawa suna da abin faɗa a kotu. Ranar da ta daina, hujjar ta raunana.

Yadda aka datse hanya

A 1751, da Suwidin da daular Denmak da Norwe suka shata iyaka, sun haɗa da wata takarda da ta yarda makiyaya su ci gaba da ƙetarawa da garkunansu. Bayan shekara ɗari aka fara warware wannan. An rufe iyakar Norwe da Finlan a 1852, ta Suwidin da Finlan a 1889. Yarjejeniyar 1919 tsakanin Norwe da Suwidin ta ƙwace makiyayar bazara daga iyalan yankin Karesuando, aka tasa su zuwa kudu, cikin filayen wasu Samawan da harshensu da salon kiwonsu suka bambanta. Rigingimun da wannan ya haifar tsakanin 'yan'uwa ba su mutu ba har yau.

Norwe ta ɗauki hanyar haɗiye su. Tun tsakiyar ƙarni na 19 aka mai da makaranta wurin kankare harshe, aka gina makarantun kwana. Dokar 1902 ta ce ba za a sayar wa mutum fili a Finnmark ba sai yana jin harshen Norwe yana kuma amfani da shi kullum, kuma ba a soke ta ba sai 1965. Suwidin ta bi wata hanya dabam wadda ba ta fi ba: ta ce makiyayi ya tsaya a makiyayinsa, ta yi wa 'ya'yansa makarantu masu ƙarancin karatu, wanda ba ya kiwo kuma doka ta daina ganinsa a matsayin mai haƙƙi. A 1922 aka buɗe cibiyar nazarin launin fata a Uppsala, shugabanta Herman Lundborg ya riƙa zagayawa yana auna kawunan Samawa, ana ɗaukarsu hoto tsirara.

Abin da ya fi kowanne ɓarna shi ne kunya. Dubban iyaye, musamman masunta na bakin teku, sun yanke shawarar kada 'ya'yansu su ji harshen, don kada su sha abin da su suka sha. Da sojojin Jamus suka ƙone Finnmark da arewacin Troms a 1944, gidaje da kayan gado suka tafi, mutane da yawa suka sake gini a matsayin 'yan Norwe zalla.

Ungozomar da ta kira taro

Shugabancin siyasar Samawa daga hannun mace ya fara. Elsa Laula, 'yar makiyaya da aka haifa a 1877, ta je Stockholm koyon ungozomanci, a 1904 ta buga wani ɗan littafi da ke tambayar ko al'ummarta rayuwa ta dosa ko mutuwa. Batun fili da makaranta da ƙuri'a ta sa a gaba. Bayan ta auri makiyayi Tomas Renberg ta koma Norwe, ta kafa ƙungiyar mata, kuma wannan ƙungiya ce ta kira taron da ya haɗa Samawan Norwe da na Suwidin a birnin Trondheim ranar 6 ga Fabrairun 1917. Mutum ɗari da wani abu suka halarta. Gwamnatoci ba su canza komai ba saboda taron, Elsa ta rasu a 1931 ba ta ga amfaninsa ba. Amma ranar 6 ga Fabrairu ita ce yau ranar ƙasa ta Samawa.

Kogin da aka rasa

Abin da ya juya tarihi madatsar ruwa ce. Hukumomin Norwe sun shirya datse kogin Alta don samar da lantarki, kuma tsarin farko zai nutsar da ƙauyen Máze na Samawa gaba ɗaya. Mutanen ƙauyen suka fito a 1970, aka tsame ƙauyen daga shirin, amma a 1978 majalisar dokoki ta amince da ƙaramin dam. A watan Oktoban 1979 wasu matasa bakwai suka kafa tantinsu na gargajiya a gaban majalisar a Oslo suka shiga yajin cin abinci. Mutanen birni da yawa ranar suka fara ganin Basami ido da ido. Gwamnati ta ɗage aiki, sannan ta dawo. Ranar 14 ga Janairun 1981 aka kai 'yan sanda 600 wani wuri da ake kira Stilla, suka yanke sarƙoƙin masu zanga-zanga a cikin sanyi suka kwashe su. A watan da ya biyo baya wasu mata Samawa suka shiga ofishin sabuwar firaminista Gro Harlem Brundtland suka ƙi fita. Kotun Ƙoli ta ba gwamnati gaskiya a 1982, tashar ta fara aiki a 1987.

An rasa kogi ke nan. Sai dai ƙasar ta ji kunyar hotunan, tun ana cikin rikicin ta kafa kwamitin duba haƙƙin Samawa a 1980. Daga aikinsa aka samu dokar Samawa ta 1987, da sashe a kundin tsarin mulki a 1988, da majalisa, Sámediggi, wadda Sarki Olav na Biyar ya buɗe a Karasjok ranar 9 ga Oktoban 1989. Shugabanta na farko masanin harshe ne, Ole Henrik Magga, wanda daga baya ya zama shugaban farko na zauren Majalisar Ɗinkin Duniya kan al'ummomin asali. A 1990 Norwe ta riga kowace ƙasa amincewa da yarjejeniya ta 169 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan haƙƙin irin waɗannan al'ummomi. A 1997 Sarki Harald ya tsaya a gaban majalisar ya ce an kafa Norwe ne a kan ƙasar al'ummomi biyu, ya kuma nemi gafara. Suwidin ta buɗe tata majalisar a Kiruna a 1993, Finlan ta sake fasalin tata a Inari a 1996. Samawan Rasha ba su samu ba.

Me majalisar ke iya yi?

Tana iya abubuwa da yawa a fannin harshe da manhajar makaranta da kayan tarihi da raba tallafi. Ta Norwe tana da kujeru 39, ana zaɓe duk shekara huɗu, kuma mata sun daɗe da riƙe ta: Aili Keskitalo ta hau a 2005, Silje Karine Muotka a 2021. Dokar Finnmark ta 2005 ta ɗauke kusan kashi 95 cikin 100 na filin lardin daga hannun gwamnatin tarayya ta ba wata hukuma mai mutum shida, uku daga majalisar Samawa, uku daga majalisar lardi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma majalisar ba ta yin doka, ba ta karɓar haraji, kuɗinta daga baitulmalin gwamnati yake fitowa. Idan za a haƙa ma'adinai ko a ja layin lantarki, dole a tuntuɓe ta, ba dole a bi abin da ta ce ba. Ba ta da ikon hawa kujerar na-ƙi. Ta Suwidin ma lamarinta ya fi ɗaure kai, domin zaɓaɓɓiyar majalisa ce kuma a lokaci guda hukumar gwamnati, wato ana so ta yi faɗa da wanda take yi wa aiki. Shi ya sa manyan nasarorin shekarun nan ba a zauren majalisa aka same su ba. A kotu aka same su, kuma makiyaya ne suka kai ƙara.

Shari'u uku

A Suwidin, ƙungiyar makiyaya ta Girjas, ɗaya daga cikin 51 da ke ƙasar, ta yi shekara goma tana shari'a da gwamnati kan wa ke da ikon ba da izinin farauta da kamun kifi a tsaunukanta. A watan Janairun 2020 Kotun Ƙoli ta ce na Girjas ne, saboda daɗewar amfani. Bayan hukuncin aka riƙa tsintar bareyi an harbe su an yar.

Ta biyu ita ce ta kai matasan nan ƙofar ma'aikata. A yankin Fosen na tsakiyar Norwe an kafa manyan fankokin samar da lantarki daga iska guda 151 a wurare biyu, Storheia da Roan, a kan makiyayar hunturu ta Samawan kudu. Makiyaya suka ce barewa ba ta kusantar su. Wata kotu ta ƙasa ta ce a biya su kuɗin killace dabbobi da ciyar da su. Ranar 11 ga Oktoban 2021 alƙalai 11 na Kotun Ƙoli suka ce a'a baki ɗaya: killace barewa ba kiwon Samawa ba ne, lasisin ya tauye haƙƙinsu na yin al'adarsu, don haka ba shi da inganci. Sai dai kotun ba ta ce a tumɓuke fankokin ba, suka ci gaba da juyawa. Da aka cika kwana 500 da hukunci ba a yi komai ba, matasa suka zauna a ƙofar ma'aikata, cikinsu har da mawaƙiya Ella Marie Hætta Isaksen, 'yar fafutukar kare yanayi Greta Thunberg ma ta zo ta tsaya tare da su. Gwamnati ta nemi gafara. Sulhun da aka cim ma a Disambar 2023 da Maris ɗin 2024 ya bar fankokin a tsaye, da diyya duk shekara, da alkawarin wata makiyayar, da ikon ƙin sabunta lasisi idan wa'adinsa ya ƙare. A ganina an yi ba a yi ba: darasin da kamfani zai ɗauka shi ne ka riga kotu gamawa.

Ta ukun ba ta yi daɗi ba. Hukumomin Norwe, da hujjar cewa bareyi sun yi wa Finnmark yawa, sun umarci kowa ya rage garke. Wani matashi, Jovsset Ánte Sara, aka ce ya sauko zuwa 75, adadin da ya ce ba zai riƙe gida ba. Ya yi nasara a kotu biyu, ya faɗi a Kotun Ƙoli a Disambar 2017. 'Yar'uwarsa Máret Ánne Sara ta tara kawunan bareyi 200 a gaban kotun farko, daga baya ta saƙa labule da ƙoƙon kai 400, kowanne da hujin harsashi. Labulen yana rataye a gidan tarihi na ƙasa a Oslo. Gwamnatin da ta ci shari'ar ita ce mai gidan.

Harshe da waƙa sun dawo

Ba a samu masu zama a ƙofar ma'aikata daga sama ba. Jikokin waɗanda aka sa wa kunya ne, kuma an yi aikin shekara hamsin kafin su fito.

Waƙar gargajiya ta joik, wadda malaman coci suka daɗe suna kira aikin shaiɗan, har aka hana ta a makarantun Kautokeino a shekarun 1950, Nils-Aslak Valkeapää ya saka ta a faifai a 1968, ya kuma rera ta a bikin buɗe gasar Olamfik ta hunturu a Lillehammer a 1994. Mari Boine ta kai ta duniya da faifanta na 1989. A Kåfjord, yankin masunta inda aka fi ɓoye asali, matasa suka fara bikin Riddu Riđđu a 1991, dattawan garinsu suna jin haushi domin an tono abin da suka binne. Da kamfanin Disney zai yi fim ɗin Frozen 2 a 2019, sai da ya zauna da wakilan Samawa aka sa hannu a yarjejeniya, aka kuma juya fim ɗin zuwa harshen Samawan arewa. A 2022 Denmak ta sakar wa gidan tarihi na Karasjok gangar Anders Poulsen, dattijon da aka ƙwace masa ita aka gurfanar da shi kan zargin maita a 1692.

Labarin da ya fi burge ni na harshen Inari ne a Finlan. Masu jinsa 'yan ɗaruruwa ne, kuma a tsakiyar shekarun 1990 yaran da ke magana da shi ana ƙirga su da yatsun hannu ɗaya. A 1997 aka buɗe gidan renon yara inda ba a yin wani harshe sai shi, daga safe har yamma. Daga baya aka ga akwai giɓi: kakanni suna ji, jikoki suna ji, iyaye ba sa ji. Sai aka ɗauki manya ma'aikata aka ba su shekara guda cur ta koyon harshen, suna zama da tsofaffi, su koma su zama malamai. Yau ana karatu da shi a makaranta, har akwai mai waƙar gambarar zamani da shi.

Wa majalisar ke wakilta?

Farfaɗowar nan ta zo da tata rigimar, kuma nan ne adadin ɗaya cikin goma ke dawowa. Don shiga rajistar zaɓe a Norwe, sai mutum ya ɗauki kansa Basami, kuma shi ko iyayensa ko kakanninsa sun yi harshen a gida. A 1989 kimanin mutum 5,500 suka yi rajista, a 2021 sun haura 20,000. Sababbin da yawa 'yan birni ne ko 'yan bakin teku, ba su da barewa, dokar kiwo ma ba ta ba su damar mallaka ba tunda ba su gaje ta ba. Wasu suna ganin an mai da makiyayi shi kaɗai ne Basami na gaske, tumakinsu da gonakinsu da jiragen kamun kifinsu ba a lissafa su. Jam'iyyar Nordkalottfolket, wadda ke faɗin haka a fili, ita ta zo ta biyu a zaɓen 2021. A Suwidin, nasarar Girjas ta 'yan ƙungiyar kiwo ce, Basamin da aka raba kakansa da garke yana kallo daga waje. Wannan rabuwa dokokin gwamnati ne suka shuka ta, amma shugabannin Samawa ne ke girbarta a kowane zaɓe.

Matsin kuma ƙaruwa yake. Turai na neman wutar iska da ma'adinan batir, kuma da yawa daga cikinsu a arewa suke. A Janairun 2023 kamfanin haƙar ma'adinai na LKAB ya sanar da gano tarin ma'adinai masu wuyar samu kusa da Kiruna, daidai kan ƙunƙuntacciyar hanyar da ta rage wa ƙungiyar makiyaya ta Gabna tsakanin makiyayarsu ta bazara da ta hunturu. Majalisar dokokin Norwe ta nemi gafarar Samawa a Nuwamban 2024, bayan rahoton kwamitin gaskiya da sulhu na 2023, amma takardun neman lasisi ba su daina shigowa ba.

Mai karatu zai iya cewa, to da an ba su ikon ƙasar ɗungurungum fa, da me zai faru? Akwai inda aka gwada. A ƙetaren teku, mutanen Inuit na Girinlan su ne mafi rinjaye a tsibirinsu, sun samu mulkin cikin gida daga Denmak a 1979, a 2010 kuma suka karɓi iko da ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasarsu. Babi na gaba zai duba abin da suka yi da shi, da dalilin da ya sa rigimar haƙar yuraniyom ta kayar da gwamnati a can a 2021.